Kafin motar kwana-kwana ta iso: su wa ke kashe gobara a Mubi?

Idan gobara ta tashi a Mubi cikin dare, ba jiniya ke sanar da unguwa ba, ihu ne. Mace ta leƙo tsakar gida, ta hango hayaƙi yana tuƙuƙi ta ƙarƙashin kwanon maƙwabta, sai ta ɗora hannu a ka: "Gobara! Jama'a, a kawo ɗauki!" Kafin ta rufe baki an fara zare sakata. Wannan ya fito da bokitin wanka, wancan da baho, wata ta tsame tufafin da ta jiƙa ta miƙo ruwan. Samarin da ke teburin mai shayi su ke riga kowa isowa, don su dama ba su kwanta ba. Cikin hayaniyar sai ka ji muryar wani dattijo ta fita daban: "Ku dakata da ruwan nan! A kashe mita tukuna!" Wani kuwa tuni ya tura yaro a guje ya taso 'yan garuwa inda suke kwana kusa da kurayensu.

Kan ka ce kwabo layi ya haɗu daga bakin rijiya ko famfon burtsatse zuwa ƙofar gidan, bokiti yana tafiya hannu da hannu, ya je cike, ya dawo wayam. Mutum biyu sun haye katanga suna ɓanɓare kwanon ɗakin da ke manne da wanda ke ci, don kada wutar ta bi rufi ta tsallaka. Wani yana dukan kwaɗo da taɓarya. Mata sun tattara yara gefe guda suna ƙirga su, suna sake ƙirgawa. An buga wa 'yan kwana-kwana waya, amma duk wanda ke wurin ya san a cikin waɗannan mintocin ne ake raba abin da zai tsira da abin da zai zama toka, kuma rabon yana hannun mutanen da yawancinsu ko takalmi ba su tsaya sakawa ba.

Wannan ita ce rundunar kashe gobara mafi daɗewa a Mubi. Ba ta da ofis, ba ta da rajista, ba a taɓa ɗinka mata kaki ba. A wasu ƙasashe irin waɗannan 'yan sa-kai suna da tasha da mota da littafin da ake rubuta sunayensu da ranakun da suka fita aiki. A nan tarihinsu yana cikin tarihin garin ne, kuma duk sauyin da ya samu Mubi, ya sauya irin wutar da suke fuskanta.

Zamanin jinka da zana

Mubi tana zaune a gindin duwatsun Mandara, kogin Yedzaram ya ratsa ta ya nufi arewa wajen Tafkin Chadi. Fali da Gude su ne tsofaffin mazauna wurin, Fulani suka iso da shanunsu, sannan a farkon ƙarni na 19 yankin ya shiga ƙarƙashin tutar Modibbo Adama. Ko a kan tudu ko a kwari, gidan wancan zamani kusan iri ɗaya ne: ɗakin ƙasa ko na dutse mai rufin ciyawa, dangar zana ko ta kara, rumbu a tsakar gida, murhu ba nisa da shi. Da kaka ta wuce, an jibge kara da harawa a kan rumfa, iskar hunturu ta fara kaɗawa, to duk unguwa ta zama makamashi. Garwashin da aka kai ɗaki don jin ɗumi, ko wutar da mafarauta suka cinna wa daji, ya isa.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, lokacin gobara shi ne lokacin da babu ruwa. Yedzaram da ke cika yana tumbatsa a watan Agusta, da rani rairayi ne, sai an tona ake samun na sha. Saboda haka mutanen wancan zamani ba da ruwa suke yaƙar wuta ba sai kaɗan. Da ƙasa suke yi, da ɗanyen ganye, da kuma rushewa. Idan ɗaki ya kama, an riga an sallama shi. Ƙarfin maza yana komawa kan abin da ke gaban iska: a tumɓuke zana a jefar nesa, a ɗage jinkar maƙwabci a sauke ta ƙasa, a bar wa wutar fili ta iso ta rasa abin ci. Da ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba ranar ɗora ta kaɗai ake nufi ba, har da ranar da za a sauke ta a guje. Rumbu kuwa shi ake fara tsarewa kafin ɗakin kwana, domin ɗaki ana sake shi cikin mako, hatsin shekara kuwa sai wata damina.

Aikin bai ƙarewa da mutuwar wuta. Washegari jauro ko mai unguwa ya zo jaje, a ce "Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba," sannan a sa ranar gayya. Wasu su yanko ciyawa, wasu su kawo itace da igiya, mata su haɗa kwanon dawa da tsofaffin tufafi. Babu wanda ake roƙo, domin kowa ya san gobe tana iya zama tasa. Tsari ne cikakke, yana da shugaba, yana da rabon aiki, yana da diyya. Abin da ba shi da shi kawai takarda ce.

Hukuma ta zo, amma daga nesa

Jamusawa sun kama Mubi a 1903, Ingilishi suka karɓe ta a 1914 da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Daga nan ta zama wani yanki na Arewacin Kamaru da Birtaniya ke riƙo amana, ana gudanar da ita daga Yola. A lokacin aikin kashe gobara na gwamnati ya riga ya fara a Nijeriya, amma can bakin teku: a 1901 aka kafa shi a Legas a matsayin wani sashe na 'yan sanda. Gari irin Mubi, a ƙarshen hanya, a ƙasar da ma ba a yanke makomarta ba, ba ya cikin lissafin.

An yanke makomar a ƙuri'ar raba-gardama ta 11 ga Fabrairun 1961, inda mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yunin shekarar yankin ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Shekara biyu bayan haka, a 1963, majalisar tarayya ta yi dokar da ta raba aikin kashe gobara da na 'yan sanda. Sai dai girman da Mubi ta samu bai daɗe ba. A 1967 aka yi Jihar Arewa maso Gabas, iko ya koma Maiduguri. A 1976 aka yi Gongola, a 1991 aka yi Adamawa, duka biyun da hedikwata a Yola, kimanin kilomita 200 daga Mubi. Tun da a tsarin Nijeriya kowace jiha ita ke riƙe da hukumar kashe gobararta, kuɗin mota da na mai da na taya da albashin ma'aikaci duk daga babban birnin jiha ake yanka su, kuma kowa ya san wanda ke kusa da tukunya shi ke fara samu.

Garin kuwa bai tsaya jira ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta taso daga Yola ta dawo Mubi a 1982, Jami'ar Jihar Adamawa ta buɗe a 2002. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu sun haura mutum 280,000. Kasuwar shanun garin tana ɗaya daga cikin manya a Nijeriya, ana koro dabbobi daga Kamaru da Chadi, tireloli suna lodi zuwa kudu. Unguwanni irin su Lokuwa, Sabon Layi, Kolere, Yelwa, Shuware da Wuro Patuji suka cika suka batse, gida jikin gida, lungu wani ko Keke Napep ba ya shiga sai da dabara.

Da kwano ya maye gurbin jinka, mutane da yawa sun ɗauka an rabu da gobara. Ashe sabuwa ce ta shigo. Jinka tana ci a fili, kowa na gani, ta cinye ta mutu. Ɗakin kwano da silin kuwa rufe wutar yake yi, tana ci a ɓoye tsakanin rufi da katako, zafi yana taruwa, hayaƙi ba shi da mafita. A cikin ɗakin ga katifar soso, ga labulen roba, ga kujerun kushin, abubuwan da hayaƙinsu kaɗai kan kashe mai barci kafin harshen wuta ya taɓa shi. Tagogi an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi, ƙarfen da ke hana ɓarawo shiga shi ke hana mai gida fita. Ga kuma wutar lantarki da ake ɗaukewa da yamma a dawo da ita tsakar dare, ta tarar da hita a cikin bokitin ɗalibi, ko dutsen guga da aka manta a jone, ko wayar da aka ja daga shago zuwa shago ba tare da ma'aikacin da ya san aikin ba.

Sai fetur. Wannan shi ne abin da ya bambanta Mubi da garuruwan da ke nesa da iyaka. Shekara da shekaru man Nijeriya ya fi na Kamaru araha nesa ba kusa ba, don haka jarkoki suka yi ta bin hanyar Sahuda da ƙananan hanyoyin cikin duwatsu zuwa ƙetare, inda ake sayar da shi a kwalabe da sunan zuwa-zuwa. A Nuwamban 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, a ranar 29 ga Mayun 2023 kuma aka cire tallafi. Duk da haka ɗan bumburutu yana nan a bakin titi, kuma man da bai sayar da rana ba, gida yake kwana. Ba laifinsa nake gani ba, abincinsa ke nan. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi, ya ratsa ta ƙarƙashin ƙofa ya tarar da murhu ko maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki na gaba. Mutumin da ya rugo da bokiti cikin dare bai san jarka nawa ke bayan ƙofar da yake ƙoƙarin ɓallewa ba.

Shekarar da babu mai kawo ɗauki

Ranar 29 ga Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi. Suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. Mutane suka watse, wasu suka haura duwatsu zuwa Kamaru da ƙafa, wasu suka nufi Yola ta daji. A ranar ne kuma hedikwatar cocin EYN da ke Kwarhi, kusa da garin, ta faɗa hannunsu. An ƙona ofisoshin jami'an tsaro, an ƙona majami'u, an fasa bankuna da gidan yari. A waɗannan makonni wuta ta ci abin da ta ga dama a Mubi, domin a karon farko babu wanda zai yi ihu, babu wanda zai amsa. Duk mai son ya san darajar maƙwabcin da ke fitowa da bokiti, ya tambayi waɗanda suka dawo suka tarar da abin da ya rage.

Yadda aka karɓo garin kuwa yana da muhimmanci ga maganarmu. A tsakiyar Nuwamba, mafarauta da 'yan banga, da bindigogin toka da kwari da baka, suka shiga tare da sojoji aka kori maharan. Ba albashi ya kai su ba. Amma ba taron yuyuyu ba ne: suna da shugabanni, sun san juna, kowa ya san wanda yake bi. Mutanen da suka saba aiki tare tun kafin masifa ta zo, su ne suka iya tsayawa da ta zo.

An sake ganin haka a ranaku biyu masu ɗaci. Ranar 21 ga Nuwamban 2017 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a masallacin Madina da ke Unguwar Shuwa ana sallar asuba, aka rasa aƙalla mutum 50. Ranar 1 ga Mayun 2018 aka sake kai hari biyu a jere, ɗaya a masallaci, ɗaya a kasuwar gwanjo da ke kusa da shi, daidai lokacin azahar. Masu haƙa kaburbura sun ce sun binne mutum 86, amma hukuma ta faɗi adadi ƙasa da haka. A ranakun biyu, waɗanda suka kwashi masu rauni zuwa Babban Asibitin Mubi su ne jama'ar unguwa, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, da 'yan Red Cross, da masu Keke. Waɗanda suka yi layin ba da jini su ne dai.

Saboda haka idan ana maganar kafa 'yan sa-kan kashe gobara a Mubi, ba daga tushe za a fara ba. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam suna nan da kakinsu da faretinsu, su ke tsare sahu ranar idi da wajen tafsiri. Coci-coci suna da matasan Boys' Brigade. Ga 'yan banga, ga ƙungiyar mafarauta, ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa layi-layi, ga 'yan dako. Duk sun iya bin umarni. Abin da ba a koya musu ba shi ne wuta.

Ruwa, hanya, sani

A shekarun nan manyan kasuwannin Arewa sun sha wuta ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016, inda dubban shaguna suka ƙone. Babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris ɗin shekarar. Sai Kasuwar Monday ta Maiduguri, wadda 'yan kasuwar Mubi suka sani kamar tafin hannunsu, da ta kama cikin daren 26 ga Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa. Waɗannan duka manyan biranen jiha ne, inda motocin kwana-kwana suka fi yawa. Amma kukan da ake ji bayan irin wannan gobara bai cika sauyawa ba: an kafa rumfuna da tebura a kan hanyar da aka bari don mota, ruwan motar ya ƙare, sai an koma nesa a ɗebo. Idan haka ta faru a Kano da Maiduguri, ya kamata mai shago a babbar kasuwar Mubi ko mai buhunan hatsi a Kasuwar Kuturu ya yi wa kansa lissafi.

Ga lissafin. A ce mota ta zo da lita 5,000, tana fesa lita 500 a minti. Minti 10 ta ƙare. Inda babu famfon gobara a bakin titi, tafiya ɗebo ruwa da dawowa ya ishi wutar ta farfaɗo ta ninka. Mutane su ga mota ta juya, su ce ta zo babu ruwa, a wasu garuruwan har jifa ake yi. Wannan jifa zalunci ne, kuma shi ke sa gobara ta gaba a yi nawar fitowa. Yanzu dubi ɗan garuwa. Kurarsa tana ɗaukar jarka 10 zuwa 12, kowace lita 25, wato lita 250 zuwa 300. Kura 20 sun kai cikin mota guda. Kuma kura tana shiga lungun da mota ba za ta taɓa shiga ba, mai ita ya san kowace rijiya da kowane burtsatse mai ruwa a unguwar, ya san wanda ya ƙafe tun Fabrairu. A garin da yawancin gidaje da ruwan saye suke rayuwa, 'yan garuwa su ne famfon gobara. Amma da wuta ta mutu, an watse, sau da yawa ba a tuna a tambayi wa zai biya su ruwan da suka juye, alhali su ma saye suka yi.

Ruwan ma ba kowace wuta yake kashewa ba, kuma a nan ne kyakkyawar niyya take iya zama ajali. Fetur da man gyaɗa a kan ruwa suke tasowa, ka watsa musu bokiti ka raba wutar gida-gida. Tasu sai yashi, ko murfi, ko jiƙaƙƙen bargo, abin da zai toshe mata iska. Wayar da ke da wuta a jiki, ruwan da ka watsa mata zai dawo maka da ita har hannu. Ɗakin da ke ci a rufe, idan aka banke ƙofar gaba ɗaya, iska aka ba shi. Wanda zai shiga ɗauko yaro, da rarrafe zai shiga, domin iska mai kyau a ƙasa take. Tukunyar gas da ta yi zafi, nesa da ita ake sanyaya ta, ba a taru a kanta ana kallo. Wanda ya ƙone kuma, ruwa mai sanyi ake kwarara wa wurin na kimanin minti 20 a tafi asibiti. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da baƙin mai da ake shafawa, ƙara wa ciwon datti suke yi. Duk wannan bai fi karatun yini ɗaya ba, amma mutum nawa ne a layin bokiti aka taɓa zaunar da su aka gaya musu?

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin bokiti kwata-kwata. A Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, tankar mai ta faɗi, mutane suka taru kwasar fetur, ta fashe, sama da mutum 150 suka mutu. A gari mai tireloli da tankoki irin Mubi, aikin ɗan sa-kai a irin wannan rana ba kashe wuta ba ne, korar jama'a ne, da murya mai ƙarfi da igiyar da za a gitta. Wannan sai wanda mutane suka sani, suke jin maganarsa.

Yadda wasu suka yi

Ba Mubi ce ta fara dogaro da maƙwabci ba. A birnin Filadelfiya na Amurka, a 1736, Benjamin Franklin da abokansa suka kafa ƙungiyar sa-kai, sharaɗinta kowane mamba ya ajiye gugunan fata da buhunan kwashe kaya a gidansa, ya fito da su duk lokacin da aka yi kira. Har yau kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara a Amurka 'yan sa-kai ne, kuma su ke riƙe da ƙananan garuruwa. A Jamus, wadda ta taɓa mulkin Mubi, 'yan sa-kan sun kai kimanin miliyan ɗaya. Makaniki ne, malamin makaranta ne, manomi ne, kira ya zo ya ajiye aiki ya ruga. Abin da ya riƙe tsarin nasu ba jarumta ba ce, domin jarumta ba su fi mu ba. Doka ce ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma samar da kayan aiki, ta tilasta wa mai kamfani ya saki ma'aikacinsa ba tare da yanke masa albashi ba, ta kuma tanadi inshora idan ya ji rauni.

Ba na ganin Mubi tana bukatar jiran motoci irin na Jamus kafin ta motsa, kuma ba ina cewa a sauke wa gwamnati nauyinta ba. Motar da ke da mai da ruwa da ma'aikata haƙƙin garin ne, a ci gaba da nema. Amma ɗan kwana-kwana ɗaya da zai tsaya gaban 'yan agaji 50 ya nuna musu yadda ake zare fil ɗin tukunyar kashe gobara, a nufi gindin wutar ba harshenta ba, ya yi aikin da mota ba za ta yi ba. Masarautar Mubi, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Abubakar Isa Ahmadu, tana da hakimai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Su ne za su iya riƙe sunayen mutum 10 ko 15 a kowace unguwa, a san wa ke yanke lantarki, wa ke taso 'yan garuwa, wa ke tsare kayan da aka fitar. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin aiki ba ne. Duk ɗan kasuwa ya san akwai masu zuwa gobara da hannu biyu, ɗaya na taimako, ɗaya na ɗauka, har wani ya gwammace ya bar shagonsa a kulle wuta ta ci da ya buɗe a wawashe.

A kasuwa kuwa, maganar ta fi sauƙi kuma ta fi wuya. Tankin ruwa a bakin kowane layi da durom na yashi, kuɗin da ake tarawa na masu gadi zai iya ɗaukar su. Mai wuyar ita ce hanya. Tayar da teburin da ya toshe mashiga yana nufin taɓa abincin wani, kuma mai teburin yana da ƙaramin ƙarfi. Idan za a tashe shi, a ba shi wani wuri, amma a tashe shi.

Kada kuma a bar mata a baya, kamar yadda aka saba idan ana rabon irin wannan aiki. Wutar gida daga madafa take yawan tashi, da rana, lokacin da maza suna kasuwa. Mace ce ke tsaye a wurin a minti na farko. Makarantun Islamiyya na matan aure da zumuntar mata ta coci suna taruwa kowane mako, wurin koyarwa a shirye yake. Haka makarantun allo da ɗakunan kwanan ɗalibai. A Maraɗi, cikin Nuwamban 2021, yara sama da 20 suka mutu a gobarar azuzuwan zana. A Ƙauran Namoda, cikin Fabrairun 2025, almajirai 17 suka ƙone cikin dare. Ɗakin da yara da yawa ke kwana, mai ƙofa ɗaya, ga kara ko itace a jingine a jikinsa, akwai irinsa a kowane gari namu, kuma gardi ɗaya da ya san abin yi zai iya fitar da su.

Abin da ya fi damuna shi ne mutumin da ke hawa katanga. Idan kwano ya yanke shi, ko katako ya rufto masa, ko ya shaƙi hayaƙi ya kwana uku a asibiti, yau iyalinsa ne ke biya, sai ɗan abin da mai gidan da aka taimaka ya iya miƙawa, shi da ya tashi ba shi da ko tabarma. Asusu ƙarami a hannun ƙungiyar 'yan kasuwa ko kwamitin unguwa, wanda aka amince tun farko cewa na maganin wanda ya ji rauni ne da kuɗin ruwan 'yan garuwa, zai rufe wannan ɓaraka. Ƙananan hukumomin biyu su sa nasu a ciki, su ƙara da safar hannu da takalma da tocila. Lokacin da za a zauna a tsara wannan duka kuwa watan Oktoba ne, ruwa yana ɗaukewa, kafin a shigo da kara gida, kafin iskar hunturu ta sauko daga duwatsu.